Katin da Gwaggo Tumba Ta Hana a Huda

Ranar da 'yata Hadiza ta nuna mini yadda take riƙe masu sayayya a kantinta na Sakkwato, na daɗe ina kallon wayar. Mutum ya sayi sabulu ko madara, ya faɗi lambarsa, sai maki ya hau kansa. In makin ya taru, saƙo ya same shi har gida cewa yana da rangwame. Na yaba, har yanzu ma ina yabawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ta biyo baya. Tana mayar da wayar cikin jaka sai ta ce wa mijinta ai gado ta yi, wai ni ne mutum na farko da ya kawo katin rangwame Tambuwal, kuma da shi na ceci injin kakanku. Na ji ƙannenta ma suna faɗar haka. Ban san wanda ya gyara labarin ba, amma ina zargin mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, don ba ta son a ga gazawata. Kati kam na kawo shi. Sauran ba haka aka yi ba. A gidan rediyo an koya mana cewa in ka karanta kuskure, kai za ka dawo da bakinka ka gyara shi, ba wani ba. To, ga gyaran.

Kakanku, Malam Bello, mutumin Fakku ne ta ƙasar Kebbe, daga gidan malamai. 'Yan'uwansa duk karantarwa suka riƙe, shi kaɗai ya fita ya kama sana'a, ya zauna Tambuwal, ya kafa injin niƙa a bayan kasuwa. Rumfa ce ta kwano mai ƙofa ɗaya, da inji kore wanda in ya tashi ake jin bugunsa har unguwarmu. Mani ne ke tuƙa shi, wani dogon mutum da gari ya mayar fari har gashin ido, ƙarar injin kuma ta cinye masa rabin ji. Baba ba ya taɓa inji. Buzu yake shimfiɗawa a bakin ƙofa, carbi a hannu, yana amsa gaisuwa. Ina yaro na ɗauka zaman banza yake yi.

Aikinsa na gaskiya da safe yake farawa, a tsakar gida, kan kwanon koko. Inna ce ke kawo masa labarin gari, tana dama koko tana jerowa, ba ta ko dubansa.

“Matar Ɗan Bako ta sauka jiya. Namiji.”

“Madalla. Mani shi ji.”

“Gidan makera sun yi rashi. Tsohuwar ta.”

“Allah Shi gafarta mata. Mani shi ji.”

“Ige kuma mijinta bai aiko ba tun wata biyu, amma kar ka ce ni na faɗi.”

“Ban ji ba.”

Amma ya ji. Wannan “Mani shi ji” ita ce dukan dabarar. Gidan da aka haihu, niƙan suna kyauta ne. Gidan da aka yi rashi, niƙan sadaka kyauta ne. Ige kuwa in ta aiko da dawa, sai a ce mata yau injin gwaji ake yi, ba a karɓar komai. Wadda ta kawo daro babba, ɗan kwanon kuka ko busasshiyar kuɓewa da ta ɗora a kai gyara ne, ba a lissafa shi. Babu wanda ya san ranar da gyaransa zai zo, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

Cikin duk masu kawo niƙa, akwai wadda ba ta bin layi. Sunanta Tumba, muna ce mata Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tuwo take sayarwa a tashar mota, mijinta ya daɗe da rasuwa. Lokacin da Baba ya kawo injin, magidanta sun ƙi shi. Suka ce tuwon inji warin mai yake yi, kuma macen da ta bar dutsen niƙa raguwa ce. Kwana da kwanaki injin na zaune ba wanda ya leƙo. Gwaggo Tumba ce ta ɗauko daronta ta ratsa kasuwa da rana tsaka, ta dire a gaban Baba, ta ce a niƙa, in direbobi sun mutu ita za a kama. Direbobi suka ci suka nemi ƙari. Daga nan mata suka biyo ta. Tun ranar kullum safiya tana zuwa, in dai ba ciwo ya kwantar da ita ba. Ta goye ni a bayanta lokacin da Inna ta yi jinya. “Ɗan Malam” take kirana, ko bayan na fara gemu.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda ta biyo bayan ba mu jiharmu ta Sakkwato. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, kuma ko makaho ya san ya shigo. Ana shimfiɗa kwalta, samari na sayen babur, mutumin da ka sani yana dillancin albasa sai ka ji ya zama ɗan kwangila. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Garba, ya kafa inji biyu sababbi fil a gefen tasha. Ya yi rumfa mai faɗi, ya sa benci, ya ajiye randar ruwan sanyi, ya rataya rediyo. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Kasuwa ya gani ya shiga. 'Yan mata da amare suka koma can, don akwai wurin zama da hira, kuma ba a jira. Ni a lokacin ina shekarata ta uku a gidan rediyo, na dawo daga wani kwas a Kaduna, kaina cike da abubuwan da na gani. Da na zo hutun mako shida a farkon damina, na tarar layin da na sani yana kaiwa gindin dalbejiya ya tsaya a bakin ƙofa. Da hantsi ma Mani kashe injin yake yi ya zauna yana kore ƙuda.

A Kaduna na ga wani babban kanti da ke ba masu sayayya kati, duk zuwa a buga hatimi, in ya cika a ba ka kyauta. Na kwana biyu ina tsara maganar kafin na same shi a zaure.

“Baba, matsalar ita ce gyaran da kake yi ba shi da ƙa'ida. Mai kawo niƙa ba ta da tabbacin abin da za ta samu, saboda haka babu abin da zai hana ta sauya wuri.”

Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Ya dubi bango ya yi murmushi.

“Kai, yi magana awa mutane. Ba labaru nika saurare ba.”

Na sauko da murya na sake bayani. Kati, gida goma. Duk niƙa a huda gida ɗaya. In goma ta cika, na sha ɗaya kyauta. Kowa ya san abin da yake jira, ba mai cewa an fifita wata. Ya daɗe yana jan carbi.

“Wadda anka yi ma rashi fa? Sai ta cika goma?”

Na ce wannan daban ne, yana iya ci gaba da nasa, amma kati shi ne zai dawo da waɗanda suka tafi. Ina jin ba hujjata ce ta ci shi ba. Wannan ne karo na farko da na zo masa da wani abu nawa, kuma ya ga yadda nake so. Ya ce in gwada.

Nan ne na yi abin da ban taɓa gaya wa kowannenku ba. Na san mutanenmu. Na san takarda ba ta kwana a hannunsu: a ƙunsa ƙosai da ita, a hura wuta, akuya ta ci. Na zauna ina tunanin abin da zai hana a yar da katin, sai amsar ta zo mini, har na ji daɗin wayona. A ƙasarmu ba a barin takarda mai sunan Allah a ƙasa. Ko tsohuwar da ba ta san alif ba, in ta ga rubutun Larabci a hanya sai ta duƙa ta ɗauka, ta soke shi a danga ko a tsagar bango. Don haka da na je wurin masu ɗab'i a Sakkwato, na ce su rubuta bayanin da ajami, su kuma sa Bisimilla cikakkiya a sama, da manyan baƙaƙe. Ba don neman albarka na sa ba. Don kada a yar na sa. Gidajen hudar guda goma suna jere a ƙarƙashinta, na sayo kuma ƙarfen huda takarda irin na ofis.

Da na kwance ƙunshin a gaban Baba, ya ɗauki ɗaya, ya karanta, ya juya bayansa, ya sake juyowa. Na ga ya goge hannunsa a riga kafin ya ɗauki na biyu.

“Wanga abu, cikin gari da mai za shi zamna?”

Na ce ai shi ya sa za a kula da shi. Ya dube ni, irin duban da ban fahimta ba sai daga baya, ya tambayi nawa na buga. Na faɗa masa. Ya ce to, an riga an buga.

Gaskiya ta wajaba a kaina ta kowane ɓangare, don haka zan faɗa: abin ya yi aiki. Cikin mako biyu 'yan mata suka fara dawowa. Suna gwada katinsu da na juna, wannan ta ce saura mata uku, waccan ta ce ita gobe za ta ci kyauta. Layi ya sake doshin dalbejiya. Na kafa tebur a bakin ƙofa kusa da buzun Baba, ina huda da kaina, ina jin ƙas ɗin ƙarfen kamar kiɗa. Akwai alamun da na gani na kawar da kai. Wasu tsofaffi in sun miƙo katin sai su juya fuska lokacin da zan huda. Wani malami na unguwar gabas ya aiko wa Baba da gaisuwa, a ƙarshenta ya ce an ga katin a ƙugun zanen mata, kuma mace da zanenta take shiga ko'ina. Baba ya isar mini da saƙon ba tare da ya ƙara komai ba. Na ce za a duba a bugu na gaba.

Ana cikin haka aka aiko daga Fakku cewa yayan Baba ya rasu. Muka tafi tare. Bayan addu'ar uku ya ce in koma in kula da wuri, shi sai an yi bakwai. Ya rako ni har inda ake jiran mota, a nan ya ce:

“Ka bar Mani shi yi aikinai. Kai dai zamna, ka amsa gaisuwa.”

Washegarin dawowata ranar kasuwa ce. Tun da sassafe wata amarya, matar wani malamin makaranta baƙo, ta zo ta ce katinta ya cika amma ya ɓace. Na ce babu kati, babu kyauta. Ta yi ta magiya, na tsaya a kan bakana, ta biya tana ƙunƙuni, ta koma gefe tana jiran garinta. Ba a jima ba sai ga Gwaggo Tumba, ta wuce layi kamar kullum, Mani ya taso ya sauke mata daro.

“Ɗan Malam, ya muka ji da haƙuri? Allah Shi jiƙan Baffanka.”

Na amsa. Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga murya don Mani ya ji.

“Yau ta sha ɗaya ta, in ƙirgen kurman ga daidai na. Yau kam na ci ku.”

Mata suka yi dariya. Mani ya gyaɗa kai ya ja daro. A lokacin ne na tuna ban taɓa huda mata kati ba ko sau ɗaya. Kullum sai ta wuce teburina ta tsaya wurin Baba, su gama tsakaninsu. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da amaryar nan. Kallona kawai take yi. Na yi wa kaina hisabi a kan wannan lokacin sau da yawa. Ba raini ne ya motsa ni ba. Adalci nake ganin ina yi, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro da na girma.

“Gwaggo, ina katin?”

“Shina gida.”

“Sai a kawo shi.”

Ta yi dariya, ta ce wa matan su ji ɗan da ta goya. Na maimaita, kuma na ji da kunnena muryar da ta fito, irin wadda nake karanta sanarwar gwamnati da ita ce. Dariyar ta tsaya. Mani ya saki daro yana yi mini alama da hannu, na yi kamar ban gani ba. Gwaggo Tumba ta dube ni, ta juya, ta fita. Gidanta yana can bayan tasha, sai an ratsa kasuwa gaba ɗaya. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa. Ta je ta dawo, zufa har ta jiƙa mata kallabi, babu wadda ta bar wurin cikin matan. Ta ajiye wani ɗan gwangwani a kan teburina, ta goge hannuwanta a mayafi, ta buɗe. A ciki akwai farin ƙyalle, a cikin ƙyallen akwai katin, fes kamar ranar da ya fito daga wurin ɗab'i. Ko huda ɗaya babu.

“Gwaggo, ai ba a huda shi ba.”

“In miƙa sunan Allah a sa mai ƙarfe? Kai da kanka ka rubuta, ba ka ga abin da ka rubuta ba?”

Hadiza, na'urarki ba ta da fuska, in ta hana mutum rangwame ba wanda zai ce ta ci mutuncinsa. Ni ina da fuska, kuma a gaban mata fiye da ashirin na ji an kunyata ta. Da na haƙura na ce Mani ya niƙa, da an wuce wurin. Maimakon haka sai na nemi hanyar da ƙa'ida za ta tsira, ni ma in tsira. Na sa hannu a aljihu.

“Ƙa'ida ba ta ba da kyauta ga katin da ba huda. Amma ba komai, yau ni zan biya miki.”

Injin na bugawa, matan duk suka juyo. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

“Sadaka za ka ba ni, ma'aikaci?”

Ba ta jira amsa ba. Ta naɗe katin cikin ƙyallensa a hankali, ta rufe gwangwani, ta ce wa Mani ya aza mata. Mani ya tsaya. Ta sake faɗa, ya aza mata dawarta ba a niƙa ba. Muna kallo ta bi hanyar tasha.

Ba rana ɗaya aka watse ba. Washegari tsofaffi biyu ba su zo ba. Rana ta biyu aka rasa biyar. Su ne masu manyan darurruka, masu tuwo da masu fura da masu waina, waɗanda ke niƙa kullum, rani da damina. 'Yan matan kati suna nan suna zuwa da ƙananan kwanoninsu, kuma na lura wadda duk ta ci kyautarta sai in gan ta a layin Alhaji Garba, don can akwai benci. Mani ya daina yi mini magana, sai dai ya nuna abu da baki.

Baba ya dawo da yamma. Da safe aka kawo koko, Inna ta fara jero labarin gari kamar kullum, ni ina gefe kaina a ƙasa. Ta faɗi haihuwa, ta faɗi wanda ya dawo daga Ikko. Sannan ta ce, da muryar da ta faɗi sauran:

“Tumba ta koma injin Garba. Ɗanka ya aike ta gida ɗaukar takarda.”

Baba ya ajiye ludayi. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi ƙarfen, na ba shi, ya sa a aljihu. Ranar bai zauna a buzu ba. Ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana sallama a zaure, yana roƙon a fito masa da katin, duk wadda ta bayar ya ce niƙanta na gaba kyauta ne ko gida nawa aka huda. Kwana biyu yana wannan. Ya haɗa da sauran da ba a raba ba, ya ƙona su a cikin sabon kasko, ya haƙa rami a gefen masallacin unguwa ya binne tokar. Bayan la'asar ta rana ta biyu ya ce in sa hula in biyo shi.

Mun tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe. Ta shimfiɗa wa Baba tabarma, ta kawo ruwa, ta yi masa ta'aziyya mai tsawo, ta tambayi mutanen Fakku ɗaya ɗaya da sunansu. Ni ko kallo ban samu ba. Da aka gama, Baba ya ce:

“Tumba, na kawo maki mai laifi. Laifin nawa na, ni na bari. Ki yi haƙuri ki dawo.”

Na durƙusa na ba da haƙuri, wannan karon da irin maganar da na tashi da ita. Ta bar ni na gama.

“Tashi, ɗan Malam. Na yafe. Yaro na, ya yi karatu ya yi yawa.”

Zuciyata ta yi sanyi, na ɗauka an gama. Sai ta juya wurin Baba.

“Amma dawowa, Malam, ba ni iyawa. Ran nan da na isa can, Garba da kainai ya taso ya sauke man daro. Raina a ɓace, na ce mai gaban mutane, daga yau nan nika niƙa. Ka san ni. Shekara goma sha fuɗu ban kai hatsina wani wuri ba, don na ce maka zan kawo. Yanzu na ce ma wani.”

Na jira Baba ya ja maganar, ya tuna mata zumunci, ya ce magana ce ta fushi. Ya dubi ƙasa, sannan ya ce:

“Gaskiya ta. In kin saɓa mai, ba ke ba ta.”

Ya tambayi katin, ya gaya mata yadda ya yi da sauran. Ta ce a'a, nata yana inda ba abin da zai taɓa shi, a bar mata. Da muka tashi tafiya na ce ko akwai abin da zan yi mata. Ban san abin da nake nufi ba, bakina ne kawai ya faɗa. Ta ce babu, sai dai gwiwa, don jan daro zuwa wurin Garba da hawa. Baba bai dube ni ba ya ce:

“Saura mai kwana shida hutu.”

Haka na yi kwana shida, kowace safiya, ina ɗaukar dawar Gwaggo Tumba a kaina ina kai wa injin abokin hamayyar mahaifina, in jira, in dawo mata da gari. Tana tafe a bayana tana gaisawa da mutane. Rana ta uku muna isa sai rediyon Alhaji Garba ya saki wani shiri da na ɗauka kafin in taho hutu, kan yadda ake adana hatsi. Wata mai waina ta saurara, ta dube ni da daro a ka, ta ce:

“Jama'a, ga shi can shina koya muna ajiya, ga shi nan shina dako!”

Har Alhaji Garba sai da ya yi dariya, ya ba ni wuri a benci. Gwaggo Tumba ta ce a bar mata ɗanta. Wannan kalmar na samu, ita kaɗai, kuma na koma Sakkwato da ita.

Wasu daga cikin tsofaffin sun dawo saboda zagayen da Baba ya yi. Da yawa ba su dawo ba, don inda Tumba take nan suke. Injin bai mutu ba, amma bai ƙara kai layi gindin dalbejiya ba, kuma shirin da Baba yake yi na sayen na biyu ya tsaya a nan. Bayan wasu shekaru, da ƙarfinsa ya ragu, ya sayar wa wani mutumin Dogon Daji, aka kwance shi aka ɗora a mota. Bai taɓa tayar mini da maganar kati ba har ya bar duniya. Na so ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na gani da idona, a duk hutun da na zo a shekarun da suka rage wa injin, shi ne wannan. Gwaggo Tumba in ta gama niƙa a wurin Alhaji Garba takan shiga kasuwa sayen kayan miya, kuma hanyar ta bakin ƙofarmu ta bi. Tana iya zagayawa ta bayan rumfar mahauta, amma ba ta taɓa zagayawa ba. Da Baba ya hango ta daga nesa, da garin wani injin a kanta, sai ya ɗaga hannu. Mani ya rage wa injin wuta har ƙararsa ta kwanta, masu jira su jira.

“Tumba, an tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Malam. Ya aiki?”

“Mun gode Allah. Ya gwiwa?”

“Tana nan, ba ta gudu ba.”

Ta wuce. Ba ya sauke hannun sai ta sha kwanar masu daddawa. Sannan Mani ya saki injin.